Goron Bikin da Ba Ango

Sakina ta ji labarin aurenta ne daga bakin mai kawo ɗinki.

Tun hantsi take kan keken ɗinki a rumfar ƙofar gidansu cikin garin Tasawa, ƙafarta har ta fara tsami, sai ga wata maƙwabciya ta ajiye mata turmin atamfa a gefe.

"Riga da zane da ɗankwali. Ki yi mani da wuri, kada ran bikinki ya zo ni kaɗai ba ni da sabo."

Sakina ta ɗago kai. "Bikin wa?"

"Ji ta, har ni za ki ɓoye ma? Jiya innarki ta kai mani goro har ɗaki. Ta ce Juma'a ta ukku daga wagga." Matar ta sunkuyo, ta rage murya. "Amma don Allah wane ne angon? Na tambaye ta, ta ce za mu ji."

Sakina ta yi mata irin murmushin da ake yi wa mai kawo aiki. Ta auna ta kafaɗa da ƙugu, ta sallame ta, sannan ta rufe keken da tsumma ta shiga gida.

Inna Ramatu tana tsakar gida tana tsinke ganyen tafasa cikin ƙwarya. Ba ta ɗago ba, don ta san takun.

"Inna, an ce kin raba goro."

"Na raba."

"Na aurena."

"To na wa zan raba? Ɗiya mace nawa gare ni?"

"Da wa za a ɗaura?"

Sai a nan Inna ta ajiye ƙwaryar.

"Wannan ke za ki hwaɗa mani. Masu sonki biyu ne, Nasiru da Maman Sani, dut na san su, ba wanda na ƙi. Rana kawai na sa, ban sa miji ba."

Sakina ta zauna kan turmin da ke kife. Da a ce tana da sauran ƙarfi da ta yi faɗa, amma wata biyu ke nan ba wanda ya yi barcin kirki a gidan nan, kuma ta san inda maganar ta samo asali.

Misbahu ne, ƙaninta. Ya ci bak, jarrabawar gama sakandare, da sakamakon da ya sa malamansa suka zo har gida yi wa Inna barka, aka kuma ba shi gurbin karatun injiniyan ruwa a Maroko. Makarantar kyauta ce, haka takardar ta ce. Abin da takardar ta faɗa da ƙananan haruffa shi ne kuɗin biyen jirgi, wato tikiti, da na ɗaki, da abin da yaro zai ci wata uku kafin tallafin ya fara sauka, duk a wuyan iyali suke. In goma ga Oktoba ta wuce bai isa ba, a ba wani gurbinsa.

Mahaifinsu shekara bakwai ke nan da rasuwa. Kawu Mamudu na Kona ya sayar da ragonsa, dangi sun yi karo-karo iya ƙarfinsu, duk fasfo da zirga-zirgar Yamai sun cinye. Ga shi tsakiyar damina, rumbu ya yi ƙasa, gero bai nuna ba. A irin wannan watan, ko wanda ke sonka addu'a kawai yake da ita.

Dukiyar Inna ba a rumbu take ba, tana hannun mata. Duk wadda ta tashi a ƙasar nan ta san yadda biki yake: ƙawarki ta yi aure ko suna ki kai mata gudummawa, ran da naki ya zo ta rama ta ninka. Rabon Inna da yin sha'ani a gidanta tun sunan Misbahu, shekara goma sha tara. Tun daga nan kaiwa kawai take yi, Tasawa, Kona, Mayahi, har garin Sarkin Hausa ta taɓa hawa amalanke ta kai. Ba ta rubutawa, amma ka tashe ta daga barci ta gaya maka abin da ta kai wa kowace.

Da takardar Misbahu ta fito, Inna ta ɗauke ta a leda ta bi gidajen ƙawayen nan ɗaya bayan ɗaya. Suka sa albarka, suka ba ta na shan ruwa a hanya. Hajiya Zara'u, babbar ƙawar bikinta, wadda in ta yi raɗa ana ji a bayan katanga, ita ce ta faɗa mata gaskiya.

"Ramatu, biki sai da biki. Kawo muna aure ko suna ki ga aiki. Amma karatun lakkwal? Wanga ba mu gada ba."

To ga shi Inna ta kawo musu aure.

"Inna," in ji Sakina, "ni ce biyen jirgin ke nan."

"Kada ki hwaɗi haka."

"To mi zan hwaɗa? Abin da za a kawo ran bikina shi zai hau jirgi."

"Gado da katihwa da kwanoni na tanada maki tun ubanki na da rai, ba wanda zai taɓa su. Abin da mata za su kawo, gumina ne. Na sai da hura, na sai da ƙuli, na sha rana ina kai ma mutane. In ban karɓa yanzu ba, yaushe zai yi mani rana?"

"Nasiru ya ce bayan kaka."

"Jirgi ba ya jiran kaka."

Inna ta ja ƙwaryar ta ci gaba da tsinka.

"Ke, kina ganin daɗi na ji? Ina miƙa goro ana tambayata sunan suruki ina sunkuyar da kai? Na yi ne don in ban sa rana ba, ke da Nasiru haka za ku yi ta kallon juna har Oktoba ta wuce."

"Ke" Inna take ce mata tun tana goye. Sakina ce 'yar fari, kuma Inna mace ce mai riƙe kunya irin ta da. Shekara ashirin da huɗu Sakina ba ta taɓa jin sunanta daga bakin uwarta ba.

Ta tashi ta koma kan keke. Ɗinkin ranar duk sai da ta warware shi.

* * *

Bayan la'asar Maman Sani ya zo, kamar yadda yake zuwa duk Talata tun bara.

Mutum ne mai rumbun sayen aya da wake a bakin kasuwa, shekararsa talatin da 'yan kai, bai taɓa aure ba don sai da ya aurar da ƙannensa huɗu tukuna. Ba ya shan taba, ba ya zaman majalisa, yana gaida tsofaffi har ƙasa. Sakina ta daɗe tana neman laifinsa ba ta samu ba, kuma wannan ne ya fi komai gajiyar da ita.

Ya zauna kan bencin rumfa, ya ajiye hularsa a gwiwa.

"Na ji an raba goro."

"Ni ma ji na yi."

"Sakina, ni ba na iya zagaye-zagaye. Ɗaki na nan a gyare, sadaki na nan a aje. In kinka ce to, jibi magabatana na Kona wurin Kawu Mamudu."

Ta hau naɗe zare a yatsa.

"Kuma ki sani, ban ce zan biya ma Misbahu jirgi ba. Ina iyawa. Amma in na yi haka, har mu mutu za ki riƙa ganin saye na yi. Inna ta yi bikinta, ta karɓi abinta, ta tura ɗanta. Ni aure kawai na zo nema."

"Ka san akwai wani."

"Na sani. Ban zo in ɓata shi ba, yaron kirki ne. In ya hito kahin ranar, ni zan hwara kai mashi barka." Ya mayar da hularsa. "In bai hito ba, ina nan."

Bayan ya tafi ta tarar da Misbahu tsaye a zaure, ya ji komai. Dogo ne siriri, wandon da ta ɗinka masa bara har ya ɗage.

"Yaya, na hwasa. Zan yi rajista a jami'ar Maraɗi, ko in jira baɗi."

Ba ta san tana da sauran fushi ba sai da ta ji wannan.

"Ka hwasa? Ina ajin ƙarshe na kwaleji Baba ya rasu, na aje littahi na hau keke don kai ka ci gaba. Shekara bakwai. Duba idona, zare ba na iya sawa a allura sai na hita rana. Yanzu ka zo ka ce mani ka hwasa?"

"To ya kike so in yi, Yaya? In hau jirgi da kukanki?"

"Ka shiga ka yi karatunka, ba da kai nike ba."

Ya shige yana share ido da hannun riga. Ita kuma ta tsaya a zauren ta gane cewa da bakinta ta rufe ƙofa ɗaya da ta rage mata.

Ta ɗauki talho ta kira Nasiru. Sau huɗu kafin ta shiga, don garinsu sai an hau tudu ake samun layi. Ta gaya masa komai ba ta rage ba.

Tana jin iska na kaɗa wayar.

"Ba ni mako guda," in ji shi.

* * *

Makon ya wuce har da kwana ɗaya.

Shekara uku Sakina tana gane ƙarar moton Nasiru, wato babur ɗinsa, tun daga kwanar masallaci. Da shi yake kabu-kabu tsakanin Mayahi da ƙauyuka, ran kasuwar Tasawa kuma ya biyo ya gaishe ta. Kwana takwas kunnenta na kan hanya, duk moton da ya wuce sai ƙafarta ta tsaya a kan keke.

Ran na tara, da azahar, ta ɗaga kai kawai ta gan shi tsaye a bakin rumfa. Ba ƙara, ba moto. Takalminsa ya yi jajir da laka, rawaninsa ya jiƙe da gumi.

"Ina moton?"

"Ba ni ruwa tukuna."

Ta kawo masa. Ya shanye, ya zauna a inda Maman Sani ya zauna, ya ƙura wa ƙasa ido.

Nasiru ɗan Malam Na Allah ne na garin Alasan Mairairai, cikin ƙasar Mayahi, mutanen da kakanninsu suka sauko daga arewa da dabbobi suka zauna suna noma suna kiwo. A gidansu, ran sunan yaro ake nuna masa karsana, duk abin da ta haifa nasa ne, kuma da su ake yi masa aure. Na Nasiru sun kai biyar. Amma suna can arewa cikin garke tare da wansa, ba kuma mai saukowa da garke ta tsakiyar gonakin mutane sai an gama girbi an saki gonaki. Abin da ya sa yake ta ce mata bayan kaka ke nan.

"Na yi magana da Baba," in ji shi.

"Mi ya ce?"

"Da hwari ya ce a jira shanu. Na ce mashi ba lokaci, na gaya mashi dalili." Ya girgiza kai. "Kuskuren da na yi ke nan. Da na yi shiru da dalilin."

"Hwaɗa mani yadda ya hwaɗa."

"Sakina…"

"Yadda ya hwaɗa."

"Ya ce shi ɗansa ba biyen jirgin ɗan wani ba ne. Ya ce in mutanen Tasawa na neman wanda za su tsayar a ƙohwa don mata su kawo kuɗɗi, su nemi wani. Ya ce ba ya aiko kowa."

Hawaye suka zubo mata ba tare da ta yi sauti ba. Abin da ya fi yi mata ciwo, maganar da tsohon ya faɗa ita ce ta faɗa wa Inna da bakinta.

"Kwana ukku ina bin shi gona, ina bin shi masallaci. Innata ta yi mashi magana, ya ce mata ta tashi ta ba shi wuri." Nasiru ya sa hannu a aljihu ya fito da ƙunshin baƙar leda, ya ajiye kan keken. "Sai na kai moton kasuwar Mayahi."

"Ka sai da shi?"

"Ki ba Inna. Ba sadaki ba ne, gudummawata ce ga Misbahu. In an samu na jirgi, sai a ɗaga bikin zuwa bayan kaka, shanu su sauko, Baba ya huce, a yi komi yadda ya dace."

"Da mi za ka ci abinci?"

"Ina da hannu."

"Nasiru, shekara biyu ka yi kana tara ma moton nan."

"Ke kuma shekara ukku kina jirana."

Ta kifa kai a kan keken ta yi kuka sosai, irin kukan da ta kwana tara tana dannewa. Shi kuwa ya zauna yana murza hannuwansa, don a bakin titi suke, ba abin da zai iya yi mata.

"Na gaji," in ji ta da ta samu numfashi. "Wallahi na gaji. Kowa na da gaskiya. Inna na da gaskiya, babanka na da gaskiya, Misbahu bai yi laihin komi ba, Maman Sani ma ko harara bai taɓa yi mani ba. Da akwai mugu guda da na san wanda zan tsana in ji sanyi."

"Ni ki tsana, ni na sa ki jira."

"Na gwada, bai yiwu ba."

Ya yi ɗan murmushi, idonsa ja.

Ta ɗauki ledar suka shiga tare. Nasiru ya tsaya a bakin zaure ya durƙusa ya gaida Inna, Sakina ta ajiye ƙunshin a gabanta ta yi mata bayani. Inna ta buɗe, ta duba, ta mayar ta ƙulle yadda yake.

"Allah ya yi maka albarka, ɗana. Ban taɓa shakkar ka ba." Ta tura ledar gabansa. "Amma wanga ko rabi bai kai ba. Ko da ya kai, goro ya riga ya shiga gidaje arba'in. In na koma na ce an ɗaga, mata za su ce Ramatu ta yi masu wasa da hankali, ran da na sake kira ba mai zuwa."

"Inna, ko wata biyu…"

"Ba ni da wata biyu. Ɗauki abinka ka je ka karɓo motonka in mai saye zai yarda. Kada ka rasa mata ka rasa sana'a."

"In na samu wani cikin dangi ya zo a madadin Baba hwa?"

"Kawunta Mamudu ba ya ba da ɗiya sai uban yaro ya aiko. Ni ma ba na so ta shiga gidan da anka ce ba a aiko ba." Inna ta dubi gefe. "Jibi Mamudu zai zo jin suna. Abin da ke nan."

Nasiru ya ɗauki ledar kamar tana ƙona shi. Sakina ta raka shi bakin rumfa.

"Zan koma wurin Baba," in ji shi. "Zan sake gwadawa. Amma ba zan yi maki ƙarya ba, ban taɓa ganin ya hwaɗi magana ya janye ba. In kinka ga ba hanya, ki yi abin da zai hisshe ku. Ba zan riƙe ki a zuci ba."

"Kada ka karɓo moton."

"Don mi?"

"Ka riƙe kuɗɗin a aljihu tukuna."

Ya dube ta bai gane ba, ita ma ba ta gama gane abin da take nufi ba. Ya juya ya nufi tasha a ƙafa, tana kallon bayansa har ya sha kwanar masallaci.

* * *

Washegari da hantsi Hajiya Zara'u ta yi sallama, muryarta ta riga ta shigowa. Tana tafe da mata biyu, ɗaya ɗauke da kwalla a ka.

"Ramatu, ina kike? Zan tahi Yamai jinyar ɗiyata, ban san ran dawowa ba, na ce ba zan bari bikinki ya same ni da nauyi ba."

Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo fura. Hajiya ta sa aka sauke kwallar, ta ɗora turmi biyu na atamfa a kai, sannan ta kwance bakin zanenta ta miƙa wa Inna abin da ke ciki.

"Ran auren Sa'adatuna kin kawo mani, ran sunan jikana kin kawo mani. Ban manta ko guda ba. Ga shi na ninka."

Inna ta karɓa da hannu biyu. Sakina, da ke tsaye a ƙofar ɗaki, ta ga yadda kafaɗun uwarta suka sauka, karo na farko cikin wata biyu. Misbahu yana daga cikin ɗakinsa, labule ya ɗan motsa.

"Ina amaryar? Zo nan, ɗiyata."

Sakina ta zo ta durƙusa.

"To, yanzu dai ba ɓoyo. Ni ba na kai biki in yi addu'a ba suna. Gari dut ya ɗauka, wasu na cewa mai aya ne, wasu na cewa yaron moto ne. Daga nan gidan suna za ni, mata na can cike, kuma kowa ya san daga gidanku nike. Wa za mu ce?"

"Hajiya, gobe kawunta…" Inna ta fara.

"Ke yi shiru, Ramatu, ba ke za a kai ba. Ita nike tambaya."

Matan duk suka zuba mata ido, kaji na tono a gindin turmi.

Sakina ta san abin da kowane suna zai jawo. In ta ce Maman Sani, komai ya kwanta, mata su zo, Misbahu ya hau jirgi, ita kuma ta shiga gidan mutumin kirki ta yi ta gode masa har tsufa. In ta faɗi ɗayan, kafin magariba maganar ta gama Tasawa, ran kasuwa ta isa Mayahi, daga nan ta sami Malam Na Allah har gona. Za a ce an ambaci ɗansa a gaban mata, an sa rana, ga sadaki a aljihun yaro. Daga nan ko ya aiko don kare sunan gidansa, ko ya ƙi, a wayi gari ran Juma'a mata sun cika gida ba ango, kowace ta ɗauki kwallarta ta koma.

Ba jarunta ta ji ba. Gajiya ce kawai, irin ta wanda ya daɗe da kaya a ka har wuyansa ya daina jin nauyi.

"Nasiru," in ji ta. "Nasiru ɗan Malam Na Allah, na Alasan Mairairai."

Hajiya Zara'u ta rangaɗa guɗa, matan biyu suka amsa. Aka ɗaga hannu aka yi addu'a da sunansa da na ubansa, aka shafa. Hajiya ta shanye furarta, ta gyara mayafi, tun ba ta fita zaure ba aka ji tana sanar da wata a bakin ƙofa.

Inna ba ta motsa daga kan tabarma ba. Abin da Hajiya ta ba ta yana nan a tafin hannunta, ba ta ko rufe shi ba.

"Ubansa ya ce ba ya aikowa," in ji ta a hankali.

"Na ji, Inna."

"Maman Sani zai ji yau. Mutum ne mai mutunci, ba zai sake tako gidan nan ba."

"Na sani."

"In tsohon nan bai aiko ba, ba aurenki kaɗai kinka kashe ba. Bikina ya tahi, jirgin yaron nan ya tahi." Ta ɗago ta dube ta. "Sakina. Sakina, mi kinka yi muna?"

Sakina ta ji sunan ya ratsa ta har ƙafa. Shekara ashirin da huɗu tana son ta ji shi daga bakin nan, ba ta taɓa zaton a irin wannan rana zai fito ba.

Misbahu ya ɗaga labule ya fito ya tsaya.

Ta dube shi, ta dubi uwarta, ta share fuska da gefen ɗankwali.

"Shekara bakwai duk abin da na samu Misbahu nike ba, Inna, ban taɓa cewa na gaji ba. Wanga guda ɗaya ne ban iya bayarwa." Ta miƙe, gwiwoyinta na ciwo. "Saura mako biyu. Wanga karon shi ma ya zamna ya jira tare da ni."

Ta fita rumfa, ta yaye tsumman keken, ta jawo atamfar maƙwabciyar nan ta fara yanka rigar bikin.